Tarihin Awon Ruwan Sama da Matsayin Yayyafi a Ƙasar Mafara, Bakura da Maradun

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce da yayyafi kogi kan cika, amma idan muka duba tarihin awon ruwan sama a ƙasar nan za mu tarar yayyafi shi ne ruwan da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Abin da hukumomi suka fi kula da shi shi ne jimillar ruwan shekara da yawan ruwan da ke bin kogi, alhali kuwa abin da ke raya shuka ko ya kashe ta a farkon damina sau da yawa ɗan ruwa ne wanda bai kai ya gudana ba. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi diddigin yadda aka auna ruwan sama a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, tun daga awon manomi har zuwa 'yar na'urar da mutum kan kafa a gidansa a yau, domin mu ga abin da kowane awo ya kama da abin da ya kuɓuce masa.

2.0 Awon Manomi da na Malami

Tun kafin zuwan Turawa mutanen wannan yanki suna da hanyoyi biyu na sanin halin damina. Ta farko ita ce ta malamai masu lissafin taurari, waɗanda suka raba shekara zuwa manazili 28, kowane yana da kwana 13 ban da guda ɗaya mai kwana 14. Da wannan lissafi ake sanin lokacin da ya kamata a fara sa ran ruwa, da lokacin marka, da lokacin da damina ke ban kwana. Sai dai tauraro lokaci kurum yake nunawa, ba ya faɗin yawan ruwan da ya sauka.

Hanya ta biyu ita ce ta manomi. In an kwana ana ruwa, da asuba sai ya nufi gona ya tona ƙasa da hannu ko da sungumi, ya ga inda laima ta tsaya. In ta tsaya a gaɓar yatsa, wannan yayyafi ne, ba a fitar da iri dominsa. In kuwa ta nutsa kamar tsawon taƙi, to ruwan shuka ya samu. Watau manomi ba ruwan da ya faɗo daga sama yake aunawa ba, wanda ya shiga ƙasa ya zauna shi yake aunawa.

Muhimmancin wannan bambanci ya fi fitowa fili wajen binne, watau shuka gero a busasshiyar ƙasa kafin saukar ruwa. Mai binne ba rashin ruwa yake tsoro ba, gama iri na iya kwanciya cikin busasshen yashi lafiya lau. Abin da yake tsoro shi ne ruwa kaɗan, wanda zai isa ya ta da tsiro amma ba zai isa ya riƙe shi ba. In haka ta faru, sa'an nan aka ɗauke ruwa na kwana goma, sai tsiron ya ƙone, a koma neman wani iri a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa.

3.0 Ma'aunin Bature

Awon ruwa da mazubi ba Turawa suka fara shi ba. A ƙasar Koriya, a zamanin Sarki Sejong, an ƙera ma'aunin ruwan sama a 1441, aka rarraba irinsa a larduna, kuma ɗaya daga cikin amfaninsa shi ne daidaita haraji da halin damina. A Ingila kuwa George Symons ne ya fara tattara awon masu sa kai daga 1860, har aka daidaita a kan ma'auni mai faɗin baki inci 5. Irin wannan ma'auni, mai mazurari da kwalba da gilashin awo, shi ne Turawan mulki suka kawo Arewa bayan cin Sakkwato a 1903. Lissafin ruwan Kano, wanda yake cikin mafiya tsawo a Arewa, ya faro ne daga 1905.

A bisa ƙa'idar Ingila, ana duba kwalbar sau ɗaya kowace safiya. Ranar da aka sami kashi ɗaya cikin ɗari na inci, watau kimanin milimita 0.2, ita ake ƙirgawa a matsayin ranar ruwa. Abin da ya gaza aunuwa sai a rubuta cewa alama kurum aka gani, ba ya shiga jimilla. A cikin ma'auni mai bakin inci 5, milimita 0.2 bai wuce rabin ƙaramin cokalin shayi ba. A watan Mayu, lokacin da zafin rana ke iya shanye fiye da milimita 6 a wuni guda, ruwa irin wannan yakan bushe a jikin mazurari tun kafin mai awo ya iso.

Bugu da ƙari, an fi kafa ma'aunan ne a manyan garuruwa da gonakin gwaji da tashoshin jirgin ƙasa da filayen jirgin sama. Bukatar hukuma ita ce ta san ko haraji zai biyu, da kuma yawan auduga da gyaɗar da za a loda, musamman bayan da layin dogo ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Ga wannan bukata jimillar wata da ta shekara sun wadatar. Talakawa kuwa nasu lissafin daban ne, domin da sunaye suke riƙe miyagun shekaru, kamar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 da 'Yar Gusau ta 1942.

4.0 Fari da Madatsar Bakolori

Farin da ya afka wa ƙasashen Sahel daga 1968, ya kuma tsananta a 1972 da 1973, shi ne ya sa gwamnatoci suka fara ɗaukar lissafin ruwa da muhimmanci. A 1972 Kowal da Knabe na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka buga taswirorin yanayin noma na jihohin Arewa. A 1974 kuma aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai domin lura da damina a ƙasashen Sahel. A Nijeriya darasin da aka ɗauka shi ne cewa ba a dogara da ruwan sama, gara a tare kogi.

Tun a 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar a gina madatsa matsakaiciya a Bakolori bisa Gulbin Sakkwato. Amma bayan kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973, ga kuma kuɗin man fetur, sai aikin ya bunƙasa. Kamfanin Impresit na Italiya ya kammala madatsar a 1978 a ƙasar Maradun, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, tafkinta kuma ya mamaye kimanin hekta 8,000. An shata kimanin hekta 23,000 domin noman rani a wajen Talata Mafara da Bakura da Maradun, kuma aka tsara cewa kusan hekta 15,000 daga ciki da bututun feshi za a riƙa shayar da su. Ma'ana, an yi niyyar a ƙera yayyafi da inji, a sauke shi lokacin da ake so.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Dubban mutane sun rasa gidaje da gonaki, rigima ta tashi a kan diyya, manoma suka tare hanyoyin aiki, har a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka rasu, manoma da wasu masu bincike kuwa suka ce sun kai ɗaruruwa. Binciken William Adams na 1985 ya nuna cewa a ƙasan madatsar ambaliyar da ke shayar da fadama ta ragu, har manoma da dama suka bar shinkafa suka koma gero, kamun kifi kuma ya ja baya. Bututun feshin ma, da yake aikinsu ya rataya ne a kan lantarki da kayan gyara, daga baya sun tsaya. Abin lura a nan shi ne, wanda ya bar shinkafar fadama ya koma geron tudu, ya koma ke nan ƙarƙashin hukuncin ruwan farkon damina, watau ruwan nan da lissafin masu tsara madatsa bai damu da shi ba.

5.0 Daga Jimillar Shekara Zuwa Ruwan Kwana

Bayan farin 1983 da 1984 masana suka juya ga tambayar da manomi ya daɗe yana yi: yaushe ne damina ta kama da gaske? A 1988 Sivakumar na cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ya ba da ƙa'ida cewa damina ta kama in bayan 1 ga Mayu an sami aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a ɗauke ruwa fiye da kwana bakwai ba cikin kwana talatin da suka biyo baya. A ƙiyasi, milimita ɗaya kan jiƙa kimanin santimita ɗaya na ƙasa mai yashi. Ke nan milimita 20 sun zo daidai da taƙin nan da manomi ke nema da hannunsa.

Har ila yau, gwajin EPSAT da aka fara a Nijar a 1990, inda aka jera ma'aunai kusan ɗari a kewayen Yamai, ya tabbatar da cewa ruwan Sahel kan bambanta ƙwarai tsakanin wurare masu nisan 'yan kilomitoci. Saboda haka awon Gusau ko na Sakkwato ba zai gaya wa mutumin Bakura abin da ya sauka a gonarsa ba.

6.0 Tashar Yanayi ta Gida

A nan ne ƙananan na'urorin zamani suke da amfani. A yau malamin makaranta ko malamin gona na iya kafa tashar yanayi a gidansa, mai aiki da batir ko hasken rana. A ƙarƙashin mazurarinta akwai ɗan cokali mai kifewa. In ya cika, yawanci da milimita 0.2 ko 0.3, sai ya tuntsure, maganaɗisu ya aika da alama, na'ura ta ƙirga. Dabarar tsohuwa ce, domin Christopher Wren ya ƙirƙiro irinta a Ingila tun 1662. Fa'idarta ita ce tana nuna sa'ar da ruwa ya fara da ƙarfin zubarsa.

To, amma ga yayyafi tana da aibi irin na tsohon ma'auni. Ruwan da bai cika cokali ba ba ya ƙirguwa: ko dai rana ta shanye shi, ko ya zauna har wani ruwan ya zo a lissafa shi a ranar da ba tasa ba. Ƙurar hunturu da yanar gizo-gizo da kashin tsuntsu kan toshe mazurari. In sandar ta karkace, cokalin zai riƙa kifewa kafin ya cika ko bayan ya wuce kima. In an kafa ta bisa soro iska kan kwashe ƙananan ɗigo, in kuma kusa da darbejiya ce sai ganye ya tare ruwan. Ƙa'ida ita ce nisan ma'auni daga itace ko gini ya kai aƙalla ninki biyu na tsayin abin. Don haka ya kamata a wanke na'urar kafin ruwan farko, a ajiye ma'aunin kwalba kusa da ita domin gwadawa, a kuma rubuta ranar yayyafi a littafi ko da allo bai nuna kome ba, tare da zurfin laimar da aka tarar a gona. Kada a raina ɗan adadi, gama milimita ɗaya lita 10,000 ce a kan hekta guda.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa kowane zamani ya auna abin da ya dame shi ne: Bature ya auna domin haraji da amfanin sayarwa, injiniya domin cika madatsa, manomi kuwa domin kada ya yi asarar iri. Tun da aka kafa Jihar Zamfara a 1996, da Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya a 2003, hasashen damina ya yawaita, amma hasashe ba ya inganta sai da awo na ƙasa. Shawararmu ita ce makarantun sakandare na waɗannan ƙananan hukumomi uku su kafa ma'aunai, a riƙa tara littattafan awon a wuri guda, kamar Kwalejin Aikin Gona ta Bakura ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara. In aka jure shekara goma ana rubuta lamba tare da zurfin laima, manomin Mafara zai sami abin da zai duba kafin ya buɗe rumbu ya ɗebo iri.