The Casual Vacancy

The Casual Vacancy shi ne littafin ƙagaggen labari na farko da J.K. Rowling, marubuciyar Harry Potter, ta rubuta domin manya. Kamfanin Little, Brown ya buga shi ranar 27 ga Satumba, 2012. Labarin ya faru ne a Pagford, wani ƙagaggen gari a Ingila, inda mutuwar kansila Barry Fairbrother ta tono gabar da ke tsakanin masu hali da talakawan unguwar Fields.

A kasuwa littafin ya yi farin jini, ya sayu fiye da kwafi miliyan ɗaya cikin makonni uku. Masu sharhi kuwa kansu ya rabu. Michiko Kakutani ta jaridar New York Times ta ce ba shi da armashi, Lev Grossman na mujallar Time ya yabe shi matuƙa. Masu karatu da yawa sun zo neman sihiri, sai suka tarar da shaye-shaye, ashar da fyaɗe, musamman a rayuwar Krystal Weedon, yarinyar da ke rainon ƙanenta saboda uwarsu ta kamu da shan hodar heroin. A nan ne ƙarfin littafin yake.

BBC da HBO sun mayar da shi wasan talabijin mai kashi uku a 2015.