Taken Sarkin Pawa da dokar haƙƙin mallaka

Kawuna makaɗin kalangu ne a Ƙaraye, ni kuwa nake riƙe masa jaka ranar kasuwa tun ban isa shiga makarantar boko ba. A rumfar mahauta muke yini. Ya matse kalangu a hammata, ya danne tsirkiya, fata ta yi magana, kowane mahauci ya ɗago kai idan ya ji takensa. Wata rana wani baƙon makaɗi ya kaɗa wa wani saurayi taken Sarkin Pawa, don ya ga ya zaro kuɗi daga aljihu. Kawu ya sauke kalangunsa ya ce, "Ɗan'uwa, wannan taken da mai shi." Daga nan har rumfa ta watse ba wanda ya miƙa wa baƙon ko kwabo, saurayin ma sulalewa ya yi don kunya.

Dokar mallakar kiɗa da muka gada ke nan, ba a rubuce take ba, amma kowa ya haddace ta. Ƙaraye tsohon gari ne, littafin tarihin sarakunan Kano ya ambace shi a labarin Wambai Giwa tun ƙarni na 17, kuma a irin wannan gari kowane sauti da ubangidansa. Kakaki da tambari na sarki ne. Manomi da takensa, maƙeri da nasa, ɗan tauri da nasa. Mawaƙi ya yi wa basarake waƙa, a ba shi riga ko doki, wani lokaci har gona, waƙar kuma ta zauna a gidan. Ɗan amshin da ya yi ƙarfi ya kafa nasa ayarin yana iya rera waƙar maigidansa, da sharaɗin ya faɗi a bakin wa ya ji ta.

Dokar Turawa ta biyo wata hanya dabam. Ingila ta yi tata a 1911, aka shimfiɗo ta Nijeriya a 1912, muka yi tamu a 1970, aka sake ta a 1988. Duk wannan bai iso rumfar mahauta ba. Kaset ne ya iso. Na tuna ranar da wani mai rikoda ya ajiye ta gaban Kawu, ya danna, ya ba shi goro da 'yan kuɗi. Bayan 'yan watanni muka ji kiɗan yana tashi a shagon wani tela a Rogo. Kawu ya tsaya ya saurara har ƙarshe, yana murmushi, ni kuwa raina ne ya ɓaci, don na san an yi ta kwafa ana sayarwa, shi ko sisi.

Abin da ya samu Kawu a ƙauye shi ya samu manya. Mamman Shata ya rasu a 1999, Musa Ɗanƙwairo a 1991, muryoyinsu kuwa ba su daina cin kasuwa ba: daga kaset zuwa faifan CD a Ƙofar Wambai, yanzu kuma ga yara masu turi, da kwamfuta a kan tebur, suna cika wa mutum waya da waƙoƙi a kuɗin da bai kai na shayi da burodi ba. Ban ga laifin yaran sosai ba, abinci suke nema. Amma gumin wani ne.

A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka. Ta ba mai waƙa damar neman a sauke aikinsa daga intanet idan an ɗora ba da izininsa ba. Haƙƙin waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, wato magadan Shata suna da ta cewa har 2069. Ta kuma ci gaba da tsare fasahar gargajiya: mai son yin kasuwanci da waƙar daka ko ta tashe sai ya nemi izinin Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, ya kuma ambaci al'ummar da ya ɗauko ta. Wannan sharaɗin ya yi mini daɗi, don shi ne na ɗan amshi da maigidansa.

Inda gizo ke saƙa shi ne, doka ba ta ba mutum haƙƙin waƙarsa sai an rubuta ta ko an naɗe ta. Yawancin taken da Kawu ya ƙirƙira sun bi shi kabari, Allah ya jiƙansa. Tun 2024 masarautar Ƙaraye ta ƙunshi Ƙaraye da Rogo, kuma har yanzu akwai tsofaffin makaɗa a ƙauyukanta. Ina roƙon fada da hakimai su sa a bi su gida gida a naɗi kiɗansu, a rubuta sunan kowane makaɗi da na wanda ya koya masa, tun suna da ƙarfin riƙe kalangu.