Shingen bincike na ƙwayar halitta

shingen bincike, suna, namiji; jam'i: shingayen bincike. A ilimin halittu: matakin da ƙwayar halitta mai cibiya, ta mutum, dabba, tsiro ko yis, ke dakatawa ta tantance kanta kafin ta rabu biyu, kamar yadda jandarmomi ke tsai da mota a hanyar Agadas zuwa Arlit su duba takardu.

Manyansu uku ne. 1. Shingen G1: kafin a kwafi DNA, ana duba girman ƙwayar da lafiyar DNA. In akwai lahani, a ƙwayar mutum da dabba furotin p53 kan tsayar da ita har a gyara. In gyara ya gagara, ya sa ta kashe kanta. 2. Shingen G2: ana tabbatar da an gama kwafin tsaf. 3. Shingen M: ba a raba kuromosom sai kowanne ya kama zaren da zai ja shi.

Leland Hartwell da Ted Weinert suka bayyana shingen bincike a 1988, da yis da aka haska wa eksire. Hartwell ya raba kyautar Nobel ta 2001 da Paul Nurse da Tim Hunt.

A Arlit, inda kamfanin SOMAIR ya fara fitar da yuraniyom a 1971, da Akokan, inda ramin kamfanin COMINAK ya yi aiki daga 1978 zuwa 2021, iskar radon da mahaƙa ke shaƙa na iya karya DNA na ƙwayoyin huhu. In shingen ya lalace, ƙwaya mai lahani kan yi ta hayayyafa har ta zama sankara. Kusan rabin sankarar 'yan Adam na ɗauke da p53 da ya lalace.

Duba kuma: radon, sankara.