Daga Aska Takwas Zuwa Atamfar Lome: Zane Ma Yana Yaɗuwa Kamar Ciwon Garke

 Ga taƙaitaccen abin da muka kawo a filin tarihi na wannan mako.

Makiyayi ya fi kowa sanin tafiyar ciwo. Saniya ɗaya mai boru ta sha ruwa a mashaya, kafin kasuwa ta zagayo garke uku sun kamu, kuma ba ruwan ciwon da iyakar Togo ko Benin ko Burkina. To haka zanen jikin tufa yake. Wani ya gani ya so, wani ya kwaikwaya, kuma duk inda ya sauka da ra'ayin da ya goyo.

Mu fara da hanyar goro. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan taso daga Kano da Sakkwato, su ƙetare Kwara, wasu su bi ta Nikki da Djougou su sauka Didawure a Sokode, wasu su bi ta Sansanne Mango, duk su nufi Salaga ta ƙasar Gonja. Cikin kayansu akwai kanwa da turkuɗi da babbar riga mai aikin aska takwas ko aska biyu. Basaraken da ke kan hanyar ba sai ya ji Hausa ba kafin ya karanta rigar nan. Ƙirjinta na nuna arziki da ilimi da alaƙa da manyan biranen gabas. Da ya sa ta sai fadawa su so irinta, maɗinkin zango ya kwafi aikin. Ka ga riga ta riga harshe shiga gida.

Zagaye na biyu ta teku ya zo. Turawan Holan sun ga batik na mutanen Java a Indonesiya, suka ce bari su buga irinsa da inji. Kamfanin da a yau ake kira Vlisco an kafa shi a garin Helmond a 1846. Mutanen Java ba su karɓi kwafin hannu biyu ba, amma a ƙarshen ƙarnin sai ya samu kasuwa a gaɓar Afirka ta Yamma. Asalin atamfa ke nan: zanen Asiya, injin Turai, kasuwar Afirka.

Amma fa masu ba ta baki matan babbar kasuwar Lome ne, waɗanda aka laƙaba wa Nana Benz saboda motocin Marsandi da suke hawa a shekarun 1970. Su ke zaɓen zane, su riƙe shi su kaɗai, kuma a kasuwa ake raɗa masa suna. Akwai "idon kishiyata". Akwai mai tsuntsaye da keji a buɗe, "in ka fita, ni ma in fita". Akwai "mijina ya isa". Mace ta ɗaura, ta gama maganarta ba ta buɗe baki ba. Daga Lome zanen ya hau mota zuwa Sokode da Sinkase, ya tsallaka har Kantin Kwari a Kano. 'Yan siyasa ma sun gane ƙarfin abin: zamanin Eyadema, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 2005, fuskarsa ta zaga ƙasar nan a jikin atamfa.

A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, 'yar Holan ta fi ƙarfin talaka. Sai kwafin Sin ya cike gurbin. Yau hoto ɗaya a WhatsApp ya isa a buga zane a wata nahiya, a dawo da shi a kwantena, har da lambar bakin zanen. Abin da ke ɗaukar ayari watanni, yanzu cikin ƙiftawar ido ya ƙetare teku.

To ina ruwanka? Kai ne burtalin da zanen ke bi. Ɗan kasuwa, kafin ka zuba jarinka a dila, ka tabbata ta gaske ce ko kwafi, don mai saye ba ya manta wanda ya cuce shi. Makiyayi, a Yunin 2022 aka sa yankin Savanes ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta tsaro, kuma a shinge ana duban ka kafin a ji bakinka. Riga mai rubutun da ba ka iya karantawa, ko sitikar da ka manna wa babur don ta yi maka kyau, tana iya faɗin abin da ba ka nufa ba. Ka nemi wanda ya sani ya fassara maka tun a kasuwa.

Ba a haɗa baƙuwar saniya da garke sai an duba bakinta da kofatonta. A yi wa zane haka. Allah Ya tsare hanya, sai mako mai zuwa.