Yadda ake zaɓen eriyar talabijin a jirgin ruwa

A Ingila da yankin Wales akwai hanyoyin ruwa masu tsawon kimanin mil 2,000, waɗanda aka haƙa da yawa daga cikinsu a ƙarni na 18 da na 19 domin jigilar kwal da kayan masana'antu. Tun shekarar 2012 ƙungiyar Canal & River Trust ce ke kula da su.

Fiye da jirage 30,000 ne ke da lasisin zirga-zirga a waɗannan hanyoyi, kuma dubban mutane sun mayar da jiragen gidajen zamansu. Ɗaya daga cikin matsalolin da suke fama da su ita ce ta kama tashoshin talabijin, domin eriyar da ta yi aiki a mashiga guda tana iya kasawa a ta gaba.

Tushen matsalar

Siginar talabijin tana tafiya ne kusan a miƙe, daga hasumiyar watsa shirye-shirye zuwa eriya, saboda haka tudu ko gini ko bishiya duk suna iya tare ta. Shi kuwa jirgi yana zaune ne a wuri mafi ƙasa a kowane yanki, wato kan ruwa.

Lamarin ya ƙara tsananta bayan da Birtaniya ta kammala komawa tsarin dijital a shekarar 2012. A tsohon tsari, sigina mai rauni takan ba da hoto dishi-dishi amma ana iya kallo. A sabon tsarin kuwa, ko dai hoto ya fito tangaram, ko ya riƙa daskarewa, ko ya ɓace baki ɗaya.

Wannan ne ya sa tsayin eriya yake da muhimmanci ƙwarai. A sararin teku, eriyar da ke mita 4 sama da ruwa tana hango nisan kilomita 8 ne kawai kafin doron duniya ya lanƙwashe, ta mita 16 kuma kimanin kilomita 16. Tsayin hasumiyar tashar ne ke cike sauran nisan, shi ya sa hasumiyoyi irin su Crystal Palace a London da Emley Moor a Yorkshire suka haura mita 200.

Nau'o'in eriya

Nau'i na farko shi ne mai fuskantar gefe guda, irin mai kama da ƙashin kifi da ake gani a kan rufin gidaje. Ana kiranta Yagi, kuma wasu masana biyu na jami'ar Tohoku a Japan, Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi, su ne suka ƙirƙiro ta a shekarar 1926.

Ita ce ta fi jan sigina daga nesa, sai dai tilas a juya ta ta fuskanci hasumiya duk lokacin da jirgi ya sauya wurin tsayawa. Akwai wata 'yar'uwarta da ake kira log-periodic, wadda ba ta cin wuri, kuma tana kama dukkan mitocin talabijin kusan daidai wa daida. Saboda haka ta dace da mai yawo daga yanki zuwa yanki.

Nau'i na biyu shi ne mai kamawa daga kowace kusurwa, wadda galibi take da siffar faifai. Ba ta buƙatar juyi, amma ƙarfinta bai kai na ta farko ba, kuma takan kwaso har da siginar da ta dawo daga kan ruwa ko gine-gine, abin da kan iya dagula hoto.

Wacce ta fi dacewa?

Amsar ta dogara ne ga yadda jirgin yake tsayawa. Siraran jiragen hanyoyin ruwan Ingila, waɗanda faɗinsu bai wuce mita biyu da 'yan kai ba, ana ɗaure su ne gaba da baya a gaɓa, don haka ba sa juyawa. Irin waɗannan eriya mai fuskantar gefe guda ta fi yi musu amfani, a kan sandar da za a iya saukewa, saboda ƙananan gadoji da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa.

Jirgin da ya jefa anga a teku kuwa, iska da igiyar ruwa suna juya shi dare da rana. A nan mai kamawa daga kowace kusurwa ce mafita, a kafa ta a can saman turken jirgin.

Akwai kuma wani abin da mutane kan manta. Manyan hasumiyoyin Birtaniya suna aiko da siginarsu ne a kwance, yayin da akasarin ƙananan tashoshin da ke maimaita shirye-shirye ke aikowa a tsaye. Don haka ana son eriyar da za a iya kifar da ita ta koma kowane ɓangare. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce a dubi eriyoyin gidajen da ke kusa.

Busta da waya

Busta tana ƙara ƙarfin siginar da eriya ta riga ta kamo ne, ba ta samar da wadda babu. A kusa da hasumiya ma tana iya cika talabijin da sigina har hoto ya lalace, don haka wadda ake iya rage mata ƙarfi ta fi.

Doguwar waya da yawan mahaɗai suna rage sigina, haka kuma gishirin teku yana cin ƙarfe. Sau da yawa laifin da ake ɗora wa eriya na mahaɗin da ya yi tsatsa ne.

Tauraron ɗan Adam da intanet

Wasu masu jiragen sun koma ga dish, musamman tun da aka ƙaddamar da Freesat a shekarar 2008. To amma taurarin suna can nisan kusan kilomita 36,000, kuma ɗan motsi kaɗan ya isa ya katse hoto. Akwai dish mai bin tauraro da kansa ko jirgi na tangaɗi, sai dai yana da tsada kuma yana shan batir.

Wasu kuma suna kallo ne ta intanet ɗin wayar salula, wanda shi ma yakan yi rauni a ƙauyuka da nesa da gaɓa.

Ko ta wace hanya aka bi dai, dokar Birtaniya ta wajabta wa duk wanda jirgi ne gidansa ya biya kuɗin lasisin talabijin matuƙar yana kallon shirye-shirye kai tsaye, kamar yadda mazauna gidajen kan tudu suke biya.