Sawun Dandi a Gidan Tarihi na Kanta

Masu hikima sun ce wanda bai san inda ya fito ba, da wuya ya san inda ya dosa. Ya dace a waiwayi wuraren da aka adana shaidun tarihin ƙasar Dandi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi alaƙa da Gaya yana hayin iyaka ne, wato gidan tarihi na Kanta da ke birnin Argungu a jihar Kebbi ta Najeriya, inda matafiyi daga Gaya ke bi ta Kamba ya isa.

Gidan da abin da ke cikinsa

Ginin tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce ta ƙarni na 19, wadda ake danganta ta da Sarki Yakubu Nabame. A cikinta sarakuna suka zauna har shekara ta 1942 da aka koma sabuwar fada. A shekara ta 1958 aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi, aka raɗa mata sunan Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16. A wannan shekara ce kuma aka yi gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil.

An kasa gidan ɗaki goma sha ɗaya. Mai ziyara zai tarar da masu da takubba, baka da kibau, bindigogin gargajiya, tambura da layun yaƙi. A cikin harabar akwai kaburburan sarakunan Kabi, abin da ya sa baƙo ke sassauta murya tun daga zaure. Ga wanda ya zo daga nesa, waɗannan kayan kallo ne. Ɗan Gaya kuwa yana duban makaman yaƙoƙin da kakanninsa suka shiga ne, ko suka ji zafinsu.

Yadda Kabi da Dandi suka haɗa tarihi

Dangantakar ta samo asali tun zamanin daular Songai. Kanta ya bi Askiya Muhammadu yaƙin Agadas, suka saɓa a kan rabon ganima, ya ɓalle ya kafa mulkinsa a Surame. Bayan da rundunar Maroko ta karya Songai a Tondibi a 1591, Askiya Nuhu ya janyo kudu zuwa Dandi, daga nan ya ci gaba da gwabzawa da su. Ruwayoyin baka na Gaya suna cewa Kyangawa ne suka fara zama a wurin, daga baya zuri'ar Askiyawa ta iso, kuma a cikinta ake ambaton Samsu Beri. Saboda haka tun da daɗewa Dandi maƙwabciyar Kabi ce, kogi da fadama da kasuwa sun haɗa su.

A 1805 mayaƙan jihadi a ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci Birnin Kabi, Kabawan da ba su miƙa wuya ba suka tattaru daga baya a Argungu. A 1849 Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye ga Gwandu, Arawa da Zabarmawa da sassan Dandi suka mara masa baya. A tsakiyar wannan rikici ne Bature mai yawon bincike Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa kwarin Foga a 1853 a kan hanyarsa daga Gwandu zuwa Sayi, ya rubuta yadda ake dafa gishiri a can. Gishirin Foga da hanyar fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, waɗanda ke ƙetare kogi a Dandi, suna cikin abubuwan da suka sa kowane ɓangare ke son riƙe wannan ƙasa. An samu sulhun da ake kira Lafiyar Toga a zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, amma yaƙi ya sake dawowa. A 1896 jarumin Zabarmawa Isa Korombe, abokin ƙawancen Kabi, ya kwanta dama a yaƙin Bumba, a bakin kogi sama da Gaya.

Shekara biyu bayan haka, a ranar 14 ga Yuni 1898, Faransa da Ingila suka rattaba hannu a Paris a kan yarjejeniyar da ta raba ƙasar: Ilo ta faɗa hannun Ingilishi, Gaya ta faɗa hannun Faransawa. Ƴan uwa suka wayi gari a ƙarƙashin tuta biyu, kayan tarihinsu ma suka rarrabu kamar yadda aka raba ƙasarsu.

Doso da Yamai

A cikin gida Nijar, mai neman sauran labarin sai ya nufi Doso, inda aka buɗe gidan tarihi na jiha a shekarun 1990. A can ne kuma fadar Zarmakoi take, wadda aka gina a 1904, kuma Nijar ta gabatar da ita ga hukumar UNESCO a 2006 cikin jerin wuraren da take neman a amince da su a matsayin gadon duniya. A Yamai akwai babban gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe a 1959, wanda ke ɗauke da sunan Bubu Hama. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gidaje yana ba da labari ne daga ƙofar masu shi: Argungu ta Kabi, Doso ta Zabarma, Yamai ta ƙasa baki ɗaya. Dandi tana fitowa a ciki a matsayin maƙwabciya ko abokiyar ƙawance.

Abin da ya rage ga Gaya

Abubuwa biyu sun isa jan hankali. Na farko, iyaka takan rufe. Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, a 2023 kuma aka sake rufe hanyoyin Najeriya da Benin. A irin wannan lokaci ɗalibin Gaya ba ya da hanyar zuwa ganin abin da ke Argungu. Na biyu, kayan tarihi sukan salwanta. Mutum-mutumin yumɓu na Bura da aka gano a yammacin Nijar a 1975 sun sha wawaso a hannun masu tonon sata, har aka saka su a 2000 cikin jerin kayan tarihin Afirka da ke cikin haɗari. Abin da ya fita ta hannun dillali ba kasafai yake dawowa ba.

Takobin kaka da ke rataye a ɗaki, tsohon sirdi, tambari, tukunyar dafa gishiri, homar masunci, wasiƙar ajami, takardar naɗin sarauta ta zamanin Faransawa: kowane ɗaya shaida ne, matuƙar akwai dattijon da ya san mai shi da ranar da aka yi amfani da shi. Idan dattijon ya rasu ba a rubuta ba, takobi ya koma ƙarfe kawai. Gara da ruwan damina kuwa ba sa jiran shawara.

Argungu ba ta jira babban gini ba, tsohuwar fada ta gyara. Ɗaki guda mai rufi nagari a kusa da fadar Gaya, da littafin rajista mai ɗauke da sunan kowane kaya da gidan da ya ba da aronsa, da naɗar muryoyin tsofaffi cikin Dandanci da Kyanganci da Hausa da Fulatanci, sun isa mafari. Gidajen sarauta da malamai da attajirai da sarakunan sana'a, musamman na ruwa da na gishiri, kowa yana da abin da zai kawo.

Allah ya jiƙan magabata, ya ja zamanin mai martaba, ya zaunar da ƙasar Dandi lafiya. Amin.