Nazari Kan Aikin Babbar Na'urar Sanyaya Ɗakuna Idan Buƙata Ta Ragu: Misalin Ikara, Maƙarfi da Kudan

Tsakure

Maƙalar ta duba na'urar sanyaya ɗaki mai inji ɗaya a waje da kawuna da yawa a ɗakuna, musamman idan ƙarfinta ya wuce buƙatar ginin. An bi hanyar lissafi, aka ɗora shi kan yanayin ƙasar Zazzau, kuma ya nuna cewa asarar da hakan ke jawowa ta fi yawa a damina.

Gabatarwa

Kamfanin Toshiba ya fitar da esi mai inbata na gida a 1981, Daikin kuma ya kawo tsarin VRV, mai inji ɗaya da kawuna da yawa, a 1982. Amfanin inbata shi ne kwamfuresa na rage gudu idan ɗaki ya yi sanyi, maimakon ya tsaya. Sai dai ragewar tana da iyaka, kuma iyakar tana hawa ne da girman injin waje. A kasuwanninmu da doki ake awo: doki ɗaya kusan BTU 9,000 a awa, ɗaya da rabi 12,000. Mai saye a Ikara, Kudan ko Maƙarfi kuwa zafin Maris da Afrilu yake tunawa, lokacin da rana ke wuce digiri 35, sai ya ce a ƙaro doki.

Lissafi

A ƙaddara gida mai ɗakuna 4, kowanne da kai mai BTU 9,000, injin waje 36,000, wanda ba ya sauka ƙasa da rubu'in ƙarfinsa, wato 9,000. A daren Agusta ɗaki ɗaya ke kunne, buƙatarsa 3,000. Injin na bayar da ninki uku na abin da ake nema, don haka dole ya riƙa tashi yana mutuwa. Ma'aunin ISO 16358 ya sanya 0.25 a matsayin adadin asarar wannan tashi da mutuwa. Da shi inganci ke komawa kusan kashi 83 cikin 100, wato ƙarin wuta na kusan kashi 20 a kan sanyi iri ɗaya.

Tattaunawa

Kuɗin wuta ba shi ne babbar illar ba, a ganin wannan nazari. Esi na tsotse laima ne idan bututunsa ya daɗe da sanyi har raɓa ta taru ta zube waje. Injin da ke mutuwa bayan 'yan mintuna ba ya kaiwa nan; fanka ma sai ta mayar da raɓar cikin ɗaki. Sakamakon shi ne ɗaki mai sanyi da danshi, tufafi na fumfuna, mai gida kuma ya ƙara rage digiri, wutar ta ƙara tafiya. Ga ɗakin ajiyar magani ko na haihuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Hunturu bai da wannan damuwa sosai, tunda iska busasshiya ce, yawanci ma a kashe na'urar take.

Akwai kuma batun wutar kanta. Inda layin Kaduna Electric ke yawan ɗaukewa, janareta ko sola ke ɗaukar nauyin, kuma ana sayen su ne daidai da girman injin waje, ko da ɗaki ɗaya ake kwana. Ga ginin da ba a amfani da ɗakunansa lokaci ɗaya, kamar gidan saukar baƙi, ƙananan injina dabam-dabam sun fi dacewa. Kafin saye, a auna buƙatar kowane ɗaki, sannan a duba mafi ƙarancin ƙarfin injin a takardar kamfani.